Molo Mai Take Ɗaya

A gidanmu na unguwar Rusholme, a Ingila, babu murhu, amma Inna ba ta taɓa yarda da haka ba. Hitar gas ɗin da ke falo ita take kira murhu, kuma tun ranar da ta sauka daga Kano ta dasa kujera a gabanta kamar ta gada. Inna kakata ce, mahaifiyar Abba. Ina ɗan firamare lokacin, a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu kowa ma ya tsuke nasa. Abba likita ne, amma ya kafa doka falo kaɗai za a riƙa ɗumamawa, don haka ni da ƙanwata Hanifa kullum muna maƙale da zanen Inna.

Da farko ta ƙi yi mana tatsuniya in mun dawo makaranta, wai ba a yi da rana. Na ɗaga labule na nuna mata duhu, ga shi ko kayan makaranta ban cire ba. Ta daɗe tana leƙe, sannan ta ce, "Wannan gari naku ko rana ba ta son zama a cikinsa. To zauna, mijin banza, miji ba cefane."

Abu ɗaya ne ya hana zuwan nata daɗi. 'Ya'yanta biyu ne a Ingila, Abba da ƙanensa Baffa Sani, mai karatun digiri na uku a Birmingham, kuma ba sa magana. Lokacin da kakanmu ya kwanta ciwon ajali Baffa yana Kano. Abba yana shirin wata babbar jarrabawa, duk sanda ya kira sai Baffa ya ce masa jiki da sauƙi, kamar yadda ake faɗa wa na nesa don kada hankalinsa ya tashi. Abba bai san gaskiya ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Tun daga nan bakinsa ya kama magana ɗaya. A kan tebur, a mota, a gaban baƙi: "Ya ce min da sauƙi." Mun ji ta har mun haddace. In Inna za ta Birmingham, tashar bas yake sauke ta ya juyo. Ita kuma ba ta iya zaunar da shi ta yi masa faɗa, domin ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. "Mai gidan nan" take ce masa, ita ma sai ta kawar da kai. Ga wa'adin bizarta yana ta ƙaratowa.

A wannan hunturun ne na aro wani ƙaton littafi a laburaren unguwarmu, wanda ya fi ƙarfin shekaruna nesa ba kusa ba. Labarin wani birni ne a Italiya ɗaruruwan shekaru da suka wuce, zamanin da manyansu ke gasar tara masu zane da makaɗa. Inna ta ga na daina kula ta, ta ce lallai sai na faɗa mata abin da ke ciki, kuma sai na buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku" kamar ɗan mutunci. Haka na riƙa fassara mata kullum da gurguwar Hausata. Abin kiɗan da ke littafin mai tsirkiya da yawa ne, na nuna mata hotonsa a bango, ta ce, "Molo ne ya ci ya ƙoshi." Daga ranar ya zama molo.

A cikin labarin akwai wasu makaɗa, wa da ƙane. Wani basarake ya sa wan ya tsara masa kiɗan da ba a taɓa jin irinsa ba, da ya gama sai ya zuba masa guba a abin sha, don kada ya ƙara tsara wa wani. Ƙanen ya ɗauki molon ɗan'uwansa, ya sake suna, ya shiga gidan basaraken a matsayin makaɗi, da wuƙa a cikin riga. A daidai nan aka liƙa takarda a ƙofar laburare cewa council, wato hukumar gari, za ta rufe shi, kowa ya mayar da abin da ya ara. Na mayar ina ƙunci.

"Ya ƙare?" in ji Inna.

"They took it back, Inna. Ban san ending ɗin ba."

"Don wannan kake kumbura baki? Ai na san ƙarshensa. Bari mai gidan nan ya shigo, kada ƙarar ƙofa ta katse ni."

Ban gane komai ba a lokacin. Sai da Abba ya dawo daga asibiti, ya yi sallah, ya zauna a kan teburin cin abinci da takardunsa ya ba mu baya, sannan ta gyara mayafi ta fuskanci hita.

Ta ce ƙanen bai zare wuƙar ba. Kowane mutum yana da takensa, kiɗan da in an yi an san da shi ake, kuma in ya mutu ba a ƙara kaɗa shi. To shi sai ya riƙa zama ƙarƙashin tagar basaraken kowace yamma yana kaɗa taken mamacin. Basarake ya toshe kunne, kiɗan ya bi shi har makwanci. Ya daina cin abinci, ya rame, ya fara magana da bango, wata safiya aka tarar babu rai. Gari ya ɗauka, aka ce makaɗi ya rama.

"Good," in ji Hanifa.

"Ke dai saurara. Aka gayyace shi gidan suna. Ya ɗauki molo zai yi na murna, yatsu suka ba shi taken mamaci. Aka kai shi gidan biki, haka. Ashe duk sauran kiɗan ya zube daga hannunsa bai sani ba. Ranar auren 'yarsa ta durƙusa ta ce, Baba yi min ko ɗaya. Ya gwada, ya gwada, amarya ta fita daga gidan ubanta da kiɗan makoki. 'Ya'yansa suka girma ba su san ubansu ya taɓa iya wani abu ba sai wannan."

Na lura takardun Abba sun daina motsi.

"Wanda aka kashe ya huta, wanda ya kashe ma ya tafi, sai makaɗin da takensa. Kuma shi wancan kisa ya yi fa." Ta miƙa tafukanta ga hita. "Ina ga wanda bai kashe kowa ba, tausayi ne kawai ya sa shi kuskure?"

Ranar ba ta ce ƙurunƙus ba. Hanifa ta tuna mata, ta ce wannan ba ita za ta rufe ta ba.

Da Asabar ta zo muka shiga mota za mu raka ta tasha. Abba ya zo daidai kwanar tashar ya wuce, ya hau babban titi. Inna na jan carbi tana kallon taga kamar ba ta san hanya ba. A unguwar Selly Oak ta Birmingham, Baffa ya buɗe ƙofar gidan da yake haya da wasu ɗalibai, ya ga wanda ke tsaye, ya durƙusa nan bakin ƙofa a kan jiƙaƙƙen dandamali. "Yaya," ya ce. Abba ya ce, "Tashi ka ɗauko mata jakarta, sanyi ake yi." Iyakar abin da aka faɗa ke nan, amma a can muka ci abincin rana, kuma ban sake jin waccan magana a bakin Abba ba.

Da na girma na shiga jami'a a Birmingham, na ci karo da littafin a wani shagon gwanjo a Bristol Road. A tsaye na karanta ƙarshensa. Ƙanen ya soke basaraken a tsakiyar liyafa, aka rataye shi, shi ke nan. Na mayar da shi inda na ɗauko, ina dariya ina share ido. Marubucin ya iya alƙalami, amma shi ba shi da 'ya'ya biyu da biza mai ƙarewa.

Har yau in na ji kaina ina maimaita laifin wani a karo na barkatai, sai in tuna yatsun makaɗin nan. Kuma ina kewarta, kewa mai tsanani, musamman in duhu ya yi da wuri.

Shekarar da ta kwanta ciwonta na ƙarshe, Baffa ne a Kano. Ina zaune a falo wayar Abba ta yi ƙara, na ji muryarsa sarai: "Yaya, babu sauƙi. Taho." Abba ya tafi a daren, ya same ta da rai. Baffa ya ce da ta buɗe ido ta ga Abba sai ta kawar da kai, ta tambayi mutanen ɗakin ko an ba mai gidan nan ruwa.