Ƙofar da Malam Ya Hana a Rufe

Maigidana malamin tarihi ne a wata sakandare, kuma duk cikin mutanen da suka shuɗe babu waɗanda suka shiga ransa kamar Rumawa. Ba a tashi daga cin tuwo a gidanmu na Garki sai an ji yadda suke shimfiɗa hanya, ko yadda sojansu ke tafiya da tukunyarsa a baya, ko yadda kafin su fita yaƙi sai sun watsa wa kaji tsaba sun ga ko za su ci. Ni kuwa ina kwashe kwanuka ina cewa, "Malam, mutanen da kaza ke yanke wa shawara ai ba abin koyi ba ne." Sai ya yi dariya ya ɗora daga inda ya tsaya.

Babban ɗanmu soja ne. Shekarar da aka tura su daji a arewa maso gabas, sai an yi sa'a waya take shiga. Tun da ya tafi, kullum na fito da safe sai in tarar da ƙaramar ƙofar get ɗinmu a buɗe. Na yi wa ƙannensa mata faɗa, na zargi mai ruwa. Ashe Malam ne. Na sa sakata da yamma, shi kuma ya bi bayana ya zare.

Da na tsare shi, sai ya ce Rumawa suna da wani ɗakin gunki a tsakiyar birninsu. Muddin sojojinsu suna fagen fama ba a rufe ƙofofinsa, sai yaƙi ya ƙare an dawo gida.

Na ce, "A Abujar nan za ka bar mana gida a buɗe saboda masu bautar gumaka?"

Bai daina ba. An ɗauke mana bokiti da takalman sallarsa. Awakin bayan layi suka cinye mini zogale tas. Maƙwabcinmu, wani Alhaji ɗan kasuwa Bakatsine, ya same shi har gida ya ce, "Malam, a yi hattara, abin nan ya fara kama da camfi."

Malam ya ce, "Alhaji, ban ce ƙofa ce za ta dawo da shi ba. Allah ne zai dawo da shi. Hannuna ne kawai ya ƙi rufewa."

Da damina hawan jini ya kwantar da Malam, bai tashi ba. Ɗanmu bai ji ba sai bayan an binne Malam, kuma ba a ba shi izinin zuwa ba. Da 'yan gaisuwa suka watse, na je bakin get da niyyar yanzu kam gidana zai rufu kamar na kowa. Na kama sakatar, sai tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na sake ta na koma ciki. Har yau ban ga hankalin Rumawa ba, amma haka ƙofar ta ci gaba da kwana.

Yaron ya dawo wata ranar Laraba da la'asar, ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Ya rame, ya yi baƙi. Ya yi sallama, kafin ma ya iso wurina sai ya juya ya tura ƙofar. Sakatar ta yi tsatsa, sai da ya buga ta da tafin hannu ta shiga.

"Umma, haka kuke barin ƙofa a garin nan?"

Na ajiye faifan. Na ce, "Babanka ne ya bar maka ita."