Hanyar Sabha a Kan Tebur

A Sabha ta ƙasar Libiya aka haife ni. Da rikici ya yi yawa, inna ta kwaso mu a bayan kamiyo, babbar motar kaya, muka dawo Tasawa, baba ya tsaya can wai sai ya sayar da shagonshi. Hausata guntu-guntu ce, Faransanci kuwa ko kalma. A lakwal, wato makarantar boko, sai in ji benci yana cizona. Mushe, malamin ajinmu, na magana, ni kuma ina kallon ƙofa. Da an fita shan iska sai in sulale, in zaga tasha, in leƙa motocin Agadas, in dawo, in sake komawa.

Wata rana na tsere wa mai gadin lakwal na faɗa wani ɗaki kusa da filin ƙwallo. Ashe ɗakin karatu ne. Matar da ke kula da shi, doguwa mai tabarau, ba ta kore ni ba.

"Ɗana, me kake biɗa?"

"Hanyar Sabha, Madam."

Ta san gudu nake shirin yi, don ta gan ni a tasha. Duk da haka ta sauko da wani babban littafin taswira ta buɗe. Ta ɗora yatsana a kan Tasawa, ta ja shi sama, Agadas, Dirku, sai rawaya zalla har gefen shafi.

"Nan duk babu rijiya," in ji ta. "Ka tuna ƙishin da kuka sha?"

Na tuna. Na fizge hannuna na fita a guje.

Kwana kaɗan na dawo. Ta aro mini littattafan Larabci daga wani malamin madarasa, don ta ji ina iya karanta shi. Ban iya zama ba, a tsaye nake karatu ina kai da komo tsakanin kantoci. In na faɗi kalma da Larabci, sai ta ba ni ita da Faransanci, ta sa in maimaita. Daga baya na jawo wasu ƴan'uwa mata biyu da suka dawo daga Aljeriya, ɗakin ya cika da hayaniyarmu, ba ta taɓa cewa mu yi shiru ba.

Baba bai dawo ba a shekarar, waya kawai yake bugowa. Amma da damina ta kama na ci jarrabawar wuce aji, kuma ni na karanta wa inna sakamakon da bakina.