Bencin Maza a Ƙofar Bayi

Wanda ya gina mana bayi a asibitin ƙauyenmu bai tambayi mace ko ɗaya ba. Ya sa ƙofarsa tana kallon bencin da 'yan acaɓa da masu rakiya ke zama. Har gobe ban yafe masa ba.

Ni mai taimaka wa jami'in lafiya ce, nan gefen Makoda. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga yaƙi da jahilci, daga baya aka koya mini awon hawan jini. Ƙa'idarsa, mutum ya zauna ya huta, ya jingina, ba surutu. Kafin nan kuma ya zaga, don fitsarin da aka riƙe yana ɗaga awo.

Ranar da ba ta fita raina ita ce wata Talata da kaka, da aka kawo Inna Kande da ciwon kai. Na ɗaura mata na'ura, awo ya hau. Oga, wato jami'in lafiyar, ya ce in ya maimaita, sai Kano. Tsohuwa ta hau salati. Gyaɗarta na gona, kuma ba ta taɓa kwanan asibiti ba.

Sai na ga tana matse cinya.

"Inna, kin zaga kuwa?"

"Ke 'yar nan, rufa mini asiri. Tun kokon safe nake riƙe da shi, ga ramukan hanya."

"To ga bayi can."

"Mijin 'yata ne a bencin. In wuce surukina da buta? Gara Kanon."

Na leƙa waje, na kira surukin nata. "Malam, tsallaka ka sayo wa Inna ƙosai. Ku kuma masu babur, inuwar kuka ba ta cizo."

Ɗaya ya ce, "Hajiya, yau kuma mu ne cutar?"

"Ku ne."

Ta zaga, ta huta, Oga ya auna da kansa, ya sake. Awo ya sauko, ko da yake bai koma daidai ba. Ya ce ta rage gishiri, ta dawo mako mai zuwa. Da la'asar tana gonarta.

Ku ƙananan ma'aikata, na'ura ba ta ƙarya, amma ba ta san kunyar suruki ba. Wannan aikinmu ne.

Washegari na zo da zana da igiya a ka, na kewaye hanyar bayin, na ja bencin zuwa gindin kuka. Can yake har yau.