Hannun da Ya Taɓa Kutare

A gidanmu, can bayan Gozaki, akushi ɗaya maza ke sa wa hannu. Babana Bamaguje ne na asali, bai taɓa barin tsafin kakanninsa ba, amma da na zama mai bin Almasihu bai kore ni ba. Cewa ya yi in dai zan riƙe garma, in bauta wa wanda na ga dama. Ni ne babba a gandu, ga shi ƙarfinsa ya fara ja baya.

Wata Lahadi mai wa'azi ya ce akwai zangon kutare wajen Bakori, ba mai wanke musu miki, ba mai karanta musu Littafi. Ni da ko ƙaya ake cire wa mutum sai na kau da kai! Sati uku ina gardama da Ubangiji. Na kawo hujjar damina, na kawo ta tsufan Baba, duk a banza. Maganar ta hana ni sakat ko a bakin huɗa.

Ran da na faɗa wa Baba zan tafi zangon kutaren, yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗago ba.

"Hannun da ya taɓa kuturu ba ya shiga akushina," ya ce. "Ka zaɓa."

Na tafi ina hawaye, sai ka ce ba magidanci ba.

Shekara huɗu, duk zuwan da na yi, a sakaina ake zuba mini tuwo a ƙofar gida, in na gama a jefar da ita. Ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai, har akwai ranar da na ji haushin Allah.

Sai kurkunu ya kama Baba a ƙafa, wurin ya ruɓe, wari ya hana kowa zama a ɗakin. Ƙanena ya zo ya kira ni, ya ce ba Baba ne ya aiko shi ba. Na dafa ruwa da gishiri, na ɗora ƙafar a cinyata, na shiga wankewa a hankali. Kwana tara ina yi, ba ya ce mini uffan, hannuna kawai yake kallo. Tuwona kuwa yana nan a sakaina, kuma har ya bar duniya haka abin ya tsaya.

A rana ta goma, ina ɗaure masa ƙyalle, ya buɗe baki.

"Haka kake yi musu?"

"Haka, Baba."

"Kullum?"

"Kullum."

Sai ya janye ƙafarsa daga cinyata.

"To wa ke wanke musu yanzu da kake nan? Tashi ka koma, ɗana."