Burodin da Ya Ƙi Girma a Hoto

Yayana soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu a Zuru. Da ya tara ɗan abin da ya tara, sai ya buɗe gidan burodi a bayan tasha, ya ɗauko wani tsohon kofur da ya taɓa yi wa bataliyarsu girki, ya ɗora shi a kan tanderu. Ba a daɗe ba aka tura Yaya Sudan aikin kiyaye zaman lafiya. Kafin ya tafi ya tara mu ya sanar da cewa nisa ya mutu, intanet ce ta kashe shi, kuma daga can zai riƙa tafiyar da kasuwancinsa kamar yana tsaye a bakin ƙofa.

Ni aka naɗa jami'in sadarwa, don ina koyarwa a sakandare, kuma a danginmu an yi ittifaƙi cewa wanda ya iya riƙe alli ya iya kwamfuta. Duk ƙarshen mako sai in je kafe, wani ɗaki mai janareto a ƙofa, in zauna ina jiran saƙon Yaya ya buɗe, a hankali, kamar tsoho zai tashi daga tabarma.

Umarninsa na farko shi ne a riƙa aika masa da hoton burodi kowane mako. A ɗora shi a kan farin ƙyalle, shi kaɗai, ba hannu, ba faranti, ba ɗan Adam, domin hoton ne zai riƙa sawa a wani shafin talla da wani abokin aikinsa ya buɗe masa don duniya ta gani. Duniya ba ta taɓa yin odar ko guda ba. Masu sayen burodinmu masu shayi ne da 'yan kabu-kabu, kuma ƙamshi ke kawo su.

Na sami mai hoton da ke da sabuwar kyamara, irin wadda ba ta cin fim. Mutum ne mai aƙida ɗaya. Ya taɓa yanke kan uban ango a hoton biki, abin da ya biyo baya kuwa bai taɓa ba da labarinsa duka ba. Tun daga ranar yake barin fili mai yalwa a kewayen duk abin da zai ɗauka. Ya ja da baya, ya ƙara ja, ya ɗauki burodinmu kamar tsibiri a tsakiyar teku.

Amsar Yaya ta zo gajera: burodin ya yi ƙanƙanta, a ƙara masa girma, kada a taɓa farashi.

Na buga saƙon a takarda na kai wa Kofur. Ya miƙe tsaye kafin in fara karantawa, don a wurinsa Oga ne ke magana. Da na gama ya sara wa takardar, ya tafi wurin mai walda aka yi masa manyan gwangwanaye.

Burodi ya girma. Mai hoto ya dube shi, ya ga yana neman taɓa gefen hoto, ya tuna uban ango, ya ƙara ja da baya. A allon kwamfutar Yaya burodi ya fito daidai da na makon jiya, har ma kamar ya ɗan rame. Saƙo ya dawo da zafi: an raina umarninsa ne? A ƙara.

Haka muka shiga zagaye. Kofur na ƙara kwaɓi, mai hoto na ƙara nisa, Yaya na ƙara fushi. Har ta kai mai hoto yana tsayawa a tsallaken titi, yana jira motocin da ke zuwa garin Danko su wuce kafin ya danna. Garin kuwa ya gano mu. Masu shayi suna sayen guda su yi kwana biyu suna yanka. Wata mata daga Bena ta goya nata a baya da zane. Fulawa tana ƙarewa kamar ana zuba ta a rafi.

Na rubuta wa Yaya bayani mai sakin layi uku, har da misalin yadda dutse ke ƙanƙancewa in ka yi nisa da shi. Ya amsa: "Ƙane, tsaya a kan allinka. Hoto ba ya ƙarya." Na roƙi mai hoto ya matso. Ya ce, "Malam, na taɓa shiga ajinka na gyara maka darasi?" Na koma wurin Kofur na ce, "Baba, ka tsaya haka, za a durƙusar da gidan nan." Ya ce, "Ticha, oda oda ce. In Oga ya ce tsaya, na tsaya."

Sai saƙon da nake tsoro ya iso. In burodi bai girma a hoto na gaba ba, Kofur ya ajiye makulli. Na karanta masa yana tsaye. Ɗakin da yake kwana a bayan tanderun yake, fanshonsa kuwa tun da ya bar soja yake kan hanya. Kofur ya sa aka raba gangar ƙarfe gida biyu ta zama gwangwani, ya fasa bakin tanderu ya faɗaɗa shi, ya gasa wani abu da ban san ko har yanzu sunansa burodi ba.

Mai hoto ya zo ya fara ja da baya, ni kuwa na san an gama. Kofur ma ya sani. Ya shiga ɗaki ya fito cikin tsohon kakinsa, ya ce wa mai hoto, "Ɗana, ɗauke ni da shi guda ɗaya, in ajiye. Na ban kwana." Ya rungumi burodin, hularsa kawai ke leƙowa ta sama, takalmansa ta ƙasa.

Wannan hoton na aika, duk da ya saɓa dokar farin ƙyalle. Na ce yanzu dai ko makaho ya ga gaskiya.

Amsa ta zo a ranar. "Burodi ya fara kama hanya. Amma me ya sami Kofur ya ƙanƙance haka? Kuna barinsa da yunwa? A riƙa ba shi ƙwai da madara, kuma daga yau a sa shi a kowane hoto in ga yadda yake murmurewa."

Na daɗe ina kallon allon, har mai kafe ya ce lokacina ya ƙare. A hanya na yanke shawarar ba zan sake rubuta sakin layi uku ba.

Na gaya wa Kofur cewa Oga yana so ya ga shi Kofur ɗin ya girma a hoto, kuma hanya ɗaya ce: a koma ƙaramin gwangwani. Ya auna maganar, ya ga ba ta karya oda ba. Kowane mako muka riƙa rage burodi kaɗan, kowane mako Kofur yana ƙara cika a hoto, kafaɗu suka fito, sannan ƙirji. Masu shayi sun yi gunaguni, fulawa ta fara kai ƙarshen wata. Yaya yana aiko da yabo, yana cewa a ci gaba da ƙwan.

Da ya dawo gida, kafin ya ajiye jaka ya wuce gidan burodi. Ya zagaya Kofur yana dubawa, ya daki kafaɗarsa, sannan ya juyo gare ni.

"Ka gani, malamin makaranta? Daga Sudan na yi jinyar mutum."

Kofur ya ƙame ya sara masa. Makullin yana rataye a wuyansa, kuma ƙwan, a gaskiya, ya karɓe shi.