Kwanon Sista Rahila

Da hantsi, lokacin da hayaƙin banda ke kwanciya a kan ruwan Warra kamar mayafi, za ka ga Sista Rahila Enoch ta nufi ɗakin shan magani, 'yar tocila a aljihu, kwano mai murfi a hannu. Shekara talatin da biyu ke nan. Wata mai zuwa za ta yi ritaya, ni kuwa har yanzu zancen bai zauna mini ba.

Ba ta taɓa yi wa kowa tiyata ba. Nata shi ne ta leƙa hanci, ta gane tsiron naman da ya toshe shi, ta tura mutum babban asibiti. In ya dawo ta koya masa wanke hanci da ruwan gishiri, ta riƙa dubawa, domin wani tsiron yakan dawo.

A gabana aka yi na Kulu mai bandar kifi. Shekara biyu ba ta jin ƙamshi balle wari, tana cewa hayaƙi ne. Mai banda kuwa da hanci take sanin kifin da ya yi. Nata ya riƙa lalacewa, masu saye daga Yelwa suka fara wuce ta. Ranar da Sista ta ce ƙari ne, Kulu ta koma gida ta shiga raba wa 'ya'yanta tukwane. A wurinta ƙari da ciwon daji duk abu ɗaya ne.

Sista ta bi ta har gida. "Inna, ba kowane ƙari ba ne daji. Bari a cire, a auna, mu ji."

Aka cire, aka auna, ba daji ba ne. Da ciwon ya warke, Sista ta ce ta rufe ido, ta buɗe kwanon nan a gaban hancinta. Kulu ta shaƙa a hankali, kamar mai sauraron kira daga tsallaken ruwa. Sai hawaye.

"Tarwaɗa ta," in ji Kulu. "Amma wa yay yi banda da ɗanyen icce? Wagga ɓarna har ina!"

"Ni ce, Inna," in ji Sista, tana dariya tana share ido.

Ke ce mai tocila, Rahila, ke ce mai bin mutum har gida. Mun gode, Allah ya saka. Wanda zai gaje ki, don Allah kada ya karɓi makulli ya bar kwanon. Kulu ta karɓo tukwanenta, kuma ta ce kifin ranar sallamarki ita za ta yi bandarsa da kanta.