Karen Anti a barandarmu

Shekarata ta biyu a unguwar Setapak ta ƙasar Malay aka ba ni amanar kare. Ni da ko akuya ban taɓa kiwo ba.

Gidan da muke haya katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata tsohuwa 'yar China, Anti muke ce mata. Ita ke karɓar mana saƙo in muna makaranta, lemo kuwa ta ba mu har mun gaji. Tana da kare irin wanda ake kira pitbul, kansa kamar tukunyar biki, yawu na zuba kamar famfon da ya lalace. Da sabuwar shekararsu ta zo za ta garinsu kwana uku, ta ba ni makullin get, ta ce in riƙa zuba masa abinci kawai. Kunya ta sa na ce boleh, wato “to” da yaren Malay.

Ranar jajibiri sai ga saƙo a guruf ɗin 'yan gida. Wai a daren nan wasu za su bi unguwanni suna jefa wa irin karnukan nan nama mai guba. Hoton da aka liƙa na taɓa ganinsa a wani saƙon da aka ce a Legas ne. Amma manya masu digiri uku-uku suka yi ta turawa, kowa da “a yaɗa saboda Allah”, alhali ba mai kare ko ɗaya a cikinsu. Raina ya ɓaci.

Abokin zamana, wani malamin jami'a mai digirin ƙarshe a kimiyya, ya hau kai ya zauna. Ya ce in karen nan ya mutu, mu baƙaƙen fata masu makulli za a fara nunawa. Nan kam ya faɗi gaskiya. Sai ya kawo dabara irin ta gida: a ɗaure shi a barandarmu ta sama, inda nama ba zai kai ba. Na ja igiya ina kauda hanci, shi yana ba da umarni daga nesa kamar mai ba mota hannu.

Mun manta abu ɗaya. Ƙarfe sha biyu na yi unguwar ta kama da wasan wuta, nokawut kamar ana rushe Titiwangsa, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, mu kuma mun ajiye bawan Allah a kujerar gaba. Ya tsinke igiya, ya banko ƙofa, ya zana mana layin fitsari daga baranda har ɗakina, ya haye katifata ya ƙarasa sauran abin da ke cikinsa. Malam ya shige banɗaki ya sa sakata.

“Ɗan'uwa, yana nan?”

“Yana nan, Malam. Fito ka yi masa bayanin kimiyya.”

Dodon da na ɗauka zai cinye mu sai kakkarwa yake yi yana kuka kamar jariri. In na matsa sai ya nufi taga, in ya faɗa kuwa shi ke nan. Dole na rufe tagogi, na lulluɓe shi da bargona, na zauna a ƙasa. Ya ɗora wannan ƙaton kan a cinyata. Har wajen asuba yawu mai ɗumi na bin ƙafata, ga wari, ina ta yunƙurin amai ina shafa masa wuya.

Da safe Malam ya fito da fatawa. Ya ce a wajenmu kwanon da kare ya lasa kaɗai ake wankewa, amma tunda a ƙasar Malay muke, in yi irin tasu, wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Ni kaɗai, ban da shi. Na tono ƙasa a bakin kwata na dirje jikina har na yi fari fat. Katifa kuwa bola ta tafi.

Anti ta dawo ta duba karenta ciki da bai, lafiyarsa ƙalau. Da na ba ta labari ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ai duk shekara banɗaki ake sa shi a kunna masa rediyo, mantawa ta yi ba ta faɗa min ba.

Ina tsaye cikin farar jallabiyata zan tafi masallaci, karen ya ƙwace daga hannunta ya taho da murna, ya lashe ni tun daga tafin hannu har gwiwar hannu. Na juya na koma bakin kwata.